Ciwon Cikin Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: Matakan Shawo Kan Kumburin Tumbi Da Hanji

Akwai ciwon cikin da kan zo kwana biyu ya wuce, akwai kuma wanda kan samu wuri ya yi kaka-gida. Zafi a ƙahon zuciya da zarar yunwa ta kama, ko ciki ya yi nauyi bayan loma kaɗan. Gyatsa mai tsami, tashin zuciya da sassafe, iska ta cika ciki har wando ya matse, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita. Idan abin ya ɗauki makonni, yawancin mutane sukan yanke wa kansu hukunci cewa olsa ce, su sayi maganin rage asid, su ji sauƙi na ɗan lokaci, ciwo ya dawo, su sake saye. Wasu sun shekara biyar a haka ba a taɓa yi musu gwaji ko ɗaya ba.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, bangon tumbi da na hanji suna da wata lallausar fata wadda majina ke rufewa don kada asid da abinci su ci ta. Idan wani abu ya raunana wannan kariya, fatar sai ta yi ja, ta kumbura, ta riƙa raɗaɗi, wani lokaci har ta zama gyambo. Abubuwan da ke jawo haka suna da yawa, kuma kowanne da maganinsa daban: ƙwayar bakteriya, ƙwayoyin kashe zafin jiki, ƙananan halittu da ake sha a gurɓataccen ruwa, ko garkuwar jiki da ta juya tana yaƙar mai ita. Wanda yake ta shan maganin asid bai nemi sanadi ba, tamkar mai kwashe ruwa ne a ɗaki bai toshe inda rufi ke yoyo ba. Shi ya sa matakan nan suke da jeri, kuma jerin yana da muhimmanci.

Mataki na farko: ka tabbata ba abin gaggawa ba ne

Kafin maganar abinci ko magani, akwai alamomin da ba a zama da su a gida. Aman jini, ko amai mai baƙi-baƙi kamar dusar kofi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari, wanda ke nuna jini yana zuba daga sama yana narkewa kafin ya fito. Ciwo mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ciki ya yi tauri ba ya son a taɓa shi, domin ta yiwu gyambo ne ya ɓule. Amai da ya hana ko ruwa zama, jiri idan an miƙe tsaye, fitsari ya ɗauke. Duk waɗannan na asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka kuma zafin ƙahon zuciya da ya zo da gumi, sarƙewar numfashi ko ciwon da ke tafiya hannu da muƙamuƙi: bugun zuciya kan ɓad da kama ya zo a siffar ƙwannafi, musamman ga tsofaffi, mata da masu ciwon suga.

Akwai wasu alamomin da ba sa buƙatar gudu a daren, amma suna buƙatar ganin likita cikin 'yan kwanaki: rama ba gaira ba dalili, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ƙarancin jini, jini ko majina a bayan gida, gudawar da ke tayar da mutum daga barci, zazzaɓi mai dawowa, idanu su yi rawaya, ko ciwon ya fara a karon farko bayan shekara 55 zuwa 60. Idan wani a dangi na kusa ya taɓa yin kansar tumbi ko ta hanji, a faɗa wa likita tun a zaman farko.

Mataki na biyu: mako biyu na rubutu

Likita ba ya cikin cikinka, abin da ka faɗa masa da shi zai yi aiki. "Cikina ne ke ciwo" ba ta isa ba. Ka samu ɗan littafi ko wayarka, kullum ka rubuta abin da ka ci da lokacin, sa'ar da ciwo ya taso, inda yake, da yadda bayan gida ya kasance. Layi ɗaya ya wadatar, misali: "Ƙarfe 2 na dare, zafi a ƙahon zuciya ya tashe ni, na ci abu kaɗan ya lafa, da safe bayan gida sau 3, ruwa-ruwa, ba jini." Wannan layin kaɗai ya ba likita labari mai yawa, domin zafin da ke tashi da yunwa ko cikin dare ya lafa da cin abinci ya fi kama da gyambon farkon ƙaramin hanji, wanda kuma ke ƙaruwa bayan cin abinci ya fi karkata ga tumbi, murɗar da ke lafawa bayan an zagaya kuwa ta fi nuna babban hanji. Ba hukunci ba ne, amma yana nuna inda za a fara dubawa.

Ranar zuwa asibiti, ka zuba duk magungunan da kake sha a jaka ka tafi da su, har da na ciwon jiki da ka saya da kanka, da na ƙarin jini, da na ganye ko saiwa. Sau da yawa mai laifin yana cikin jakar.

Mataki na uku: janye abin da ke ƙara wa wuta mai

Babban abin da mutane ba sa zargi shi ne ƙwayoyin kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac, naproxen, piroxicam da aspirin. Suna rage ciwon gaɓoɓi ne ta hanyar hana jiki samar da wani sinadari mai suna prostaglandin, alhali shi wannan sinadarin ne ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi. Saboda haka ko allura aka yi, ko an sha bayan an ƙoshi, illar tana iya isa tumbi ta cikin jini. A duba takardar magungunan mura da na ciwon jiki masu haɗe-haɗe, domin da yawansu suna ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan. Paracetamol ya fi sauƙi ga tumbi, muddin babba mai lafiyar hanta bai wuce gram 4 a awa 24 ba. Sai dai a kula: wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya koma ya yi bayani, akwai yadda ake haɗa masa da maganin da zai kare tumbin.

Taba tana jinkirta warkewar gyambo kuma tana sa ya dawo. Giya tana ƙona bangon tumbi kai tsaye. A nan babu wani tsaka-tsaki, barin su ne.

Mataki na huɗu: gwaji, kuma a yi shi yadda ya kamata

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin a nan ake yawan yin asarar kuɗi da lokaci.

Shekaru da dama likitoci sun ɗauka damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata bakteriya mai lanƙwasa da ke rayuwa a cikin majinar tumbi, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. An ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara, kuma yawancinsu ba sa jin komai. Amma ita ce kan gaba wajen haddasa daɗaɗɗen kumburin tumbi da gyambo, kuma tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo kansa. Abin farin ciki shi ne ana kashe ta.

Hanyoyin da suka fi inganci wajen gano ta su ne gwajin numfashi, gwajin bayan gida, da ɗan tsoka da ake tsinkowa lokacin endoskofi, wato leƙa cikin tumbi da kyamara ta baki. A gwajin numfashi, ana ba mutum wani ruwa ko ƙwaya mai ɗauke da sinadarin yuriya. Idan bakteriyar tana nan sai ta farfasa shi, alamar ta fito a iskar da aka hura cikin 'yar jaka. Gwajin jini kuwa yana da rauni, domin yakan ci gaba da nuna "akwai" ko da an daɗe da kashe ƙwayar. Don haka ba a amfani da shi wajen tabbatar da warkewa.

Ga inda ake tafka kuskure: idan kana shan maganin rage asid na omeprazole ko danginsa, sai ka dakata mako 2 kafin gwajin numfashi ko na bayan gida. Idan ka sha antibayotik ko maganin ciki da ke da sinadarin bismuth, sai an jira mako 4. In ba haka ba ƙwayar takan lafe, sakamako ya fito "babu" alhali tana nan. Ka tambayi likita abin da za ka riƙa sha a wannan tsakanin don rage zafi.

Idan matsalar ta fi yawa a hanji, wato gudawar da ta wuce kwana 14, ana duba bayan gida don neman ƙananan halittu. Giardia takan kawo kumburin ciki, tusa mai yawa da bayan gida mai maiƙo da wari, kuma tana iya ɗaukar watanni. Amiba takan kawo atini mai jini da majina. Ba kullum suke fitowa a gwaji ɗaya ba, shi ya sa akan nemi a kawo bayan gida na ranaku daban-daban har sau 3. Wanda gudawa ta kama bayan ya sha antibayotik, a duba masa ƙwayar C. difficile. Akwai kuma gwajin kalfurotektin na bayan gida, wanda ke nuna ko akwai kumburi na gaske a hanji. Idan ya yi sama, akan yi kolonoskofi, wato leƙa babban hanji da kyamara ta dubura, don neman cutar Crohn (wani daɗaɗɗen kumburin hanji) ko gyambon babban hanji. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn sosai, kuma maganinsu ya saɓa, don haka a bar wa ƙwararru su bambance. Gudawa mai daɗewa tare da rama tana sa a yi gwajin HIV ma, kuma babu abin kunya a ciki.

Gwajin jini na yau da kullum yana nuna ƙarancin jini, ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12. Sai cutar siliyak, wadda ke kama kimanin mutum 1 cikin 100, inda sinadarin gulutin na alkama da sha'ir ke lalata ƙaramin hanji. Kada ka daina cin alkama kafin a yi maka gwajinta, domin dainawar tana ɓata sakamakon.

Mutane da yawa suna tsoron endoskofi. Siririn bututu ne mai kyamara a baki, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba da na sa barci, kuma dubawar kanta mintuna kaɗan ce. Ba kowa ke buƙatarsa ba, amma wanda ke da alamomin da aka ambata a matakin farko, kada ya guje shi.

Mataki na biyar: shan magani bisa ƙa'ida

Idan an sami H. pylori, maganinta haɗi ne na kwana 10 zuwa 14: mai rage asid da antibayotik aƙalla iri biyu, wani lokaci da bismuth. Ƙwayoyin suna da yawa kuma suna da wahalar sha. Baki yakan yi ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe, zuciya ta riƙa tashi, bayan gida ya yi laushi. Bismuth yana mai da harshe da bayan gida baƙi, haka ma ƙwayar ƙarin jini, kuma wannan ba jini ba ne. Bambancin shi ne na jini yana da danƙo da wari, kuma yakan zo da kasala da jiri. Duk da wahalar, ka daure ka shanye. Wanda ya tsaya a kwana na biyar don ya ji sauƙi, ya kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai, kuma zagaye na biyu ya fi na farko wuya. Dama a ƙasashe da yawa ƙwayar ta riga ta fara bijire wa antibayotik ɗin clarithromycin, shi ya sa yake da kyau ka gaya wa likita irin antibayotik ɗin da ka sha a baya. Mai juna biyu, mai shayarwa, da wanda penicillin ba ya karɓarsa, su faɗa tun kafin a rubuta. Kuma idan akwai antibayotik ɗin metronidazole a haɗin, ba a shan giya tare da shi.

Bayan an gama da aƙalla mako 4, a koma a sake gwajin numfashi ko na bayan gida. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne ciwo idan aka bar shi, domin jin sauƙi ba ya nufin ƙwayar ta mutu. Wanda aka ga gyambo a tumbinsa kuwa, akan sake leƙawa bayan mako 6 zuwa 8 don a tabbata ya rufe.

Omeprazole, esomeprazole, pantoprazole da ire-irensu suna rufe famfunan da ke fitar da asid, kuma famfunan suna buɗewa ne idan an ci abinci. Saboda haka lokacin shansu shi ne minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ba bayan zafi ya taso ba. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki 'yan kwanaki kafin su kama sosai. Galibi mako 4 zuwa 8 ake ba da su. Wanda ya daɗe yana sha, idan ya yanke farat ɗaya asid yakan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci har ya zaci cutar ce ta dawo. A rage a hankali da shawarar likita. Shan su na shekaru ba tare da dalili ba yana da alaƙa da raguwar bitamin B12 da magnesium da kuma kamuwa da cututtukan hanji, amma akwai waɗanda dole su ci gaba da sha, kuma ga irinsu amfanin ya rinjayi illar.

Famotidine, wani nau'in mai rage asid na daban, yana taimakawa ga zafin dare. Ɗan uwansa ranitidine kuwa an janye shi daga kasuwa a Amurka da ƙasashe da dama a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa. Idan akwai ragowarsa a gida, a daina sha. Magungunan ruwa ko na tauna masu kashe asid nan take suna da amfani na ɗan lokaci. Masu magnesium suna saki ciki, masu aluminium suna ɗaure shi, kuma a ba da tazarar awa 2 tsakaninsu da sauran magunguna, domin suna hana jiki zuƙar wasu antibayotik da ƙwayar ƙarin jini.

Mataki na shida: idan gudawa ce, ruwa kafin komai

Abin da ke kayar da mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Fakitin ORS ya fi, a narka shi a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a sami tsabtataccen ruwa lita 1, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe, ba a tula ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a juya har ya narke. A ɗanɗana: bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ko da ana amai, kuma a zubar da abin da ya kwana ya wuni. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi sosai suna iya ƙara gudawar. Yara ana ƙara musu zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma ba a daina ba su nono.

Loperamide yana tsayar da gudawa, amma ba a shansa idan akwai jini ko zazzaɓi, kuma ba a ba ƙananan yara. Antibayotik ma ba na kowace gudawa ba ne. Shan su barkatai yana kashe bakteriyar hanji masu amfani, ya ƙara dagula lamarin.

Mataki na bakwai: abinci, ba tare da azabtar da kai ba

Abinci ba kasafai yake zama asalin cutar ba, amma yana iya tsokanar wurin da ya riga ya yi rauni. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a tauna sosai, kada a cika ciki dam. Abinci mai maiƙo yana daɗewa a tumbi. Kofi, barkono, lemon kwalba mai gas da abubuwa masu tsami suna damun wasu, ba sa damun wasu, kuma littafin nan naka ne zai raba gardama. Mai ƙwannafi ya bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, ya ɗaga kan gadon da santimita 15 zuwa 20, ya kwanta ta gefen hagu.

Madara tana da labari. Tun 1915 wani likita a Amurka, Bertram Sippy, ya shahara da ba masu gyambo madara kowace awa, aka daɗe ana bin wannan. Daga baya aka gane tana sanyaya zafi na ɗan lokaci ne, sannan ta sa tumbi ya ƙara fitar da asid. Bayan haka, hanjin da ya sha fama da gudawa yakan kasa narkar da sukarin madara na wasu makonni. Idan ka lura tana kumbura maka ciki, ka ajiye ta mako 2 zuwa 4, sannan ka dawo da ita a hankali.

Hanyar gano abin da ba ya karɓarka ita ce a cire abu ɗaya, a jira mako biyu, a mayar da shi a ga abin da zai faru. Abin da nake jin tsoro shi ne mutumin da ya cire wannan ya cire wancan har ya rage abinci uku kacal yake ci, ya rame, jini ya ragu, sai ramar ta zama wata cutar. Akwai tsarin da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta ɓullo da shi, na rage wasu nau'o'in sukari masu saurin ruɓewa a hanji, irin waɗanda ke cikin albasa, tafarnuwa, wake, alkama da tuffa. Yana taimaka wa masu yawan iska da murɗa, amma na mako 2 zuwa 6 ne kawai, daga nan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi kyau a yi shi da masanin abinci.

Mataki na takwas: an yi magani, gwaji ya fito lafiya, amma ciki bai daina ba

Wannan yana faruwa, kuma ba ƙarya mai ciwon yake yi ba. Kimanin mutum 1 cikin 10 da suka yi mummunar gudawa ta ƙwayar cuta sukan ci gaba da fama da murɗa da rikicewar bayan gida watanni bayan ƙwayar ta tafi. Jijiyoyin hanji ne suka zama masu saurin jin zafi, har iskar da wani ba zai ji ba ta zama ciwo gare su. Haka yake faruwa a tumbi ma. Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo dare da rana, shi ya sa rashin barci da damuwa suke tayar da ciwon, ko da ba su ne suka haifar da shi ba.

Ga irin wannan akwai abin yi. Tafiya a ƙafa kullum, barci a kan lokaci, da cin abinci a sa'o'i sanannu suna daidaita motsin hanji. Garin psyllium, wanda ake yi da ɓawon irin wani tsiro, yana taimaka wa mai gudawa da mai taurin bayan gida, idan an fara da kaɗan ana shan ruwa sosai. Kafson man na'ana'a yana sassauta murɗa, sai dai yana iya ƙara ƙwannafi. Likita kan iya rubuta amitriptyline, wanda aka fi sani da maganin ciwon damuwa, ɗan kaɗan da dare. Kada ka ji haushi ka ce an mai da kai mai taɓin hankali, a wannan ƙaramin awon aikinsa shi ne kwantar da jijiyoyin ciki. Zama da masanin halayyar ɗan Adam ma yana rage alamomin ga mutane da yawa.

Kowane abu da aka gwada a ba shi mako 4 zuwa 8 kafin a ce bai yi ba, kuma kada a fara abubuwa uku rana ɗaya, don a san wanne ne ya yi aiki. Idan wa'adin ya cika babu canji, ko wata sabuwar alama ta ɓullo, kamar jini, rama ko gudawar dare, a koma da littafin da sakamakon gwaje-gwajen baya, a nemi a tura ka wurin likitan da ya ƙware a kan ciki da hanji.